An Haddace, An Wanke

Duk wanda ya zauna a ajin Malama Sailuba zai gaya maka abu biyu game da ita. Na farko, ba ta goge allo sai ta juyo ta tambayi aji ko akwai wanda bai gama da shi ba, kuma ko yaro ɗaya ne ya ɗaga hannu, rubutun nan zai kwana. Na biyu, idan aka ambaci Malam Aƙilu, tsohon hedimastansu, sai ta ja tsaki ta kau da kai kamar an wuce da mushe. Yara sun ɗauka halinta ne kawai. Ba hali ba ne, akwai dalili, kuma dalilin ya faro ne daga wani ɗan baƙin akwati mai cin batir.

Sailuba ita ce auta a gidan Malam Bahago, maɗinkin manyan riguna a cikin birnin Zazzau, a wani lungu da ko jaki biyu ba sa gilmawa a cikinsa sai ɗaya ya tsaya. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, domin tun yana yaro da hagu yake riƙe allura. Shi ya bar ta ta yi boko har ta gama kwalejin horon malamai mata, a lokacin da maƙwabta ke cewa ya sangarta yarinya. Da ta fito aka ba ta aji uku a wata firamare da ke jikin ganuwa. Ta yi aure a Gyallesu, amma kullum in an tashi makaranta sai ta biya gida, ta tarar da shi a zaure da riga a cinya, ta gaida mahaifiyarta Inna Batulu, sannan ta wuce.

A shekarar 1976 gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu har ba masaka tsinke. Ajin Sailuba ya zama kasuwa, wasu a benci, wasu a ƙasa, littafi ɗaya ga mutum biyar in an yi sa'a. Ana cikin haka sai aka ji wata ƙungiya daga ƙasar waje ta haɗa hannu da hukumar ilimi da wata kwalejin malamai, za su raba wa makarantu rikoda domin koyarwa. Sharaɗin shi ne kowace makaranta ta tura malami ɗaya kwas a dogon hutu. Dogon hutu kuwa damina ce, malamai maza kowa na da gonarsa a bayan Kufena, don haka suka haɗa baki suka ce ai Malama Sailuba ce ta fi cancanta. Ba su taɓa ganin cancantarta ba sai ranar.

Mai koyar da kwas ɗin Malam Wilson ne, mutumin Wusasa, siriri mai gilashi, Hausa a bakinsa tsaf. Ranar buɗewa aka gayyato hedimastoci, suka zo da manyan riguna domin shayi da hoto. Da Malam Wilson ya ga ana kallon rikodar kamar za ta yi cizo, sai ya nemi hanyar da zai kwantar wa mutane hankali.

"Kada abin ya ba ku tsoro," in ji shi. "Allo ne, sai dai shi mai magana ne. Ka rubuta da baki, ka biya wa yara, in sun haddace ka wanke ka sake wani."

Hedimastoci suka gyaɗa kai, aka yi hoto, suka watse. Cikin duk abin da aka koyar a kwas ɗin nan, wannan maganar kaɗai Malam Aƙilu ya ji, ita kuma ya tafi da ita gida.

Waɗanda suka zauna sun koyi abubuwa da yawa. Har ma Malam Wilson ya nuna musu wasu 'yan haƙora biyu a bayan kaset, ya ce in aka ɓalle su, abin da ke ciki ba ya wankuwa. Amma ya ja kunnensu kada kowa ya ɓalle, kayan makaranta ne, za a yi ta amfani da su. Sailuba mace ce mai jin magana, ta ji, ta bi. Aka ba kowa rikoda ɗaya da kaset ɗaya wanda ba kome a cikinsa, aka ce ya je ya ɗauko muryar wani mai sana'a a unguwarsu, ya yi darasin karatu da ita.

Ba ta yi nisa ba. Wata Juma'a da hantsi ta ajiye rikodar a kan tabarmar zaure, ta ce, "Baba, magana za ka yi, shi kuma ya riƙe."

Malam Bahago ya gyara hula, ya yi wa akwatin sallama, ya jira a amsa. Da ya ga ba a amsa ba ya yi dariya, daga nan kuma baki ya buɗe. Ya faɗi yadda ake zana wuyan riga kafin a sa allura, da yadda ɗinkin aska takwas ke cinye wa mutum watanni da idanu. Ya ba da labarin maigidansa na koyo, wanda ya riƙa ɗaure masa hannun hagu a baya wai sai ya koma dama, da yadda shi kuma yake ɓuya a bayan rumbu ya yi ɗinkinsa da hagun, washegari a yaba aikin a ce ka ga amfanin duka. Yana magana yana ɗinki, ana jin ƙarar zare yana ratsa yadi. Har kaset ɗin ya kusa cika bai gaji ba.

Da aka gama, Sailuba ta shiga cikin gida ta ce Inna ta zo ta ji. Inna Batulu ko ɗagowa ba ta yi daga murhu ba.

"Ni da nake jin sa safe da yamma, har da munshari, me zan ji a cikin akwati?"

Sailuba ta gutsuri ɗan jan zaren alharini daga ƙunshin babanta, ta manna shi da ƙaro a jikin kaset ɗin domin shaida. Da aka koma makaranta ta miƙa rikodar ofis kamar yadda aka ce, tana ɗauka in za ta yi darasi.

Abin ya yi aiki, wannan kam gaskiya ce. Ajin da ba ya shiru ko da bulala, da zarar tsohon ya yi gyaran murya sai ka ji tsit. Takan tsayar da shi ta rubuta allura, zare, alharini, yara su karanta, su kwafa, su roƙi a mayar musu wajen rumbu. Waɗanda ba su taɓa haɗa baƙi da wasali ba suka fara haɗawa. Sailuba ta ji daɗin aikinta a watannin nan fiye da duk shekarun da ta yi tana koyarwa, kuma ba ta ɓoye ba.

Kafin ƙarshen zangon, zazzaɓi ya kwantar da Malam Bahago, bai tashi ba. Inna Batulu ta shiga takaba. Ba mace ce mai kuka a gaban mutane ba, sai dai ta rame, ta daina faɗa, abin da ya fi tayar wa Sailuba hankali ke nan. Wata rana da la'asar, suna zaune su biyu, ta ce ba tare da ta dube ta ba, "Auta, abin nan da kika zuba Malam a ciki, yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Ina so in ji shi. Na fara manta yadda yake cewa wasu abubuwa."

Sailuba ta yi mata alkawari. Rikoda ba matsala ba ce, akwai wani alhaji a lungunsu da ya zo da ita daga Makka, zai ba da aro. Kaset ɗin kawai ake bukata, na yini ɗaya.

To, a makon nan ne aka aiko cewa masu ƙungiyar za su zo duba yadda ake amfani da kayansu. Malam Aƙilu mutum ne da bai taɓa shiga aji ya ji darasin ba, amma da jin baƙi za su zo sai rikoda ta zama 'yar lelensa. Ya kulle ta a kabad ɗin ofis, ya lulluɓe ta da ƙyalle mai fure kamar jeren amarya, darasi ya tsaya cak. Kayan da aka kawo domin yara su ji, aka hana yara ji domin baƙi su gani. Shi kuwa yana zaune a bayan tebur, biro uku a aljihu, goro cike da baki, makulli a wuyansa.

Sailuba ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi bukatarta, ba ta rage kome ba. Ya san mahaifinta, ya je ta'aziyya, rigar da ke jikinsa ma ɗinkin gidansu ce.

"Allah ya jiƙan Malam Bahago," in ji shi, ya tofar da tuƙa a gwangwani. "Amma Malama, wannan kayan gwamnati ne. Ko tsinke ba ya fita daga ofishin nan sai baƙi sun zo sun tafi."

"Ranka ya daɗe, to in sayo sabo a Sabon Gari in ajiye a madadinsa."

"Da na kasuwa da na gwamnati ɗaya ne? Ke da kika yi kwas? A yi haƙuri dai."

Ta yi haƙurin. Ta gaya wa Inna sai an ɗan jira, Inna ta ce ba kome, ai yana nan.

Bayan 'yan kwanaki Malam Aƙilu ya shigo ajinta, abin da bai saba ba. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya dube su da fara'a ya ce, "Karatun nan na cikin akwati, na ɗinki, kun haddace shi?"

"Mun haddace," suka amsa baki ɗaya.

"Duka duka?"

"Duka duka."

"Madalla," in ji shi, ya juya ya fita. Sailuba har wani daɗi ta ji, ta ɗauka yabo ne, ta ce ashe mutumin yana lura. Ita da ta tashi a garin da a kowane lungu ake yi wa yaro wannan tambayar kafin a ce masa je ka wanke allonka, ba ta gane ba. Wannan ya daɗe yana cin ta.

Ranar zuwan baƙi makaranta ta koma gidan biki. An shafa wa duwatsu farar ƙasa, an aro bencina daga wata makarantar, duk yaron da rigarsa ta yage an ce ya zauna a gida, ciki har da waɗanda suka fi kowa karatu a ajinta. Aka ajiye tebur a gindin dalbejiya, rikoda a kai. Motoci suka tsaya a bakin hanya domin lungun ba ya shiguwa, baƙi suka ƙaraso a ƙafa: wata Baturiya mai jar fuska, manyan hukuma, da Malam Wilson a bayansu riƙe da kwali.

Malam Aƙilu ya miƙe. Maimakon ya yi jawabi da bakinsa, sai ya ce domin a ga irin ci gaban da makarantarsa ta samu, na'ura ce za ta yi masa. Ya yaye ƙyallen, ya danna. Muryarsa ta fito da Turanci mai kauri, tana yi wa baƙi maraba, ana jin taunar goro tsakanin kalma da kalma. Shi kuma ya tsaya a gefe yana gyaɗa wa kansa kai.

Sailuba tana tsaye kusa da teburin da yaranta. Ta cikin ɗan gilashin rikodar ta hango jan zare. Ta sake dubawa, shi ne, zaren babanta, manne inda ta manna shi. Ta tsaya inda take domin yara na kallonta. Muryar kuwa ta ci gaba, ta gama Turanci ta koma Hausa, tana jero makarantun da Malam Aƙilu ya riƙe tun zamanin En'e. Da abin ya ƙi ƙarewa, wani babba daga hukuma ya fara tafi, kowa ya bi, aka kashe. Baturiyar ta ce ba ta ga makarantar da ta rungumi shirin kamar wannan ba. Sannan Malam Wilson ya buɗe kwalin da ya zo da shi, kyauta daga ƙungiya. Cike yake da sababbin kasa-kasai, ko ledarsu ba a ɓare ba.

Da baƙi suka shiga shan lemo, Sailuba ta sami Malam Aƙilu a ƙofar ofis. Ba ta durƙusa ba.

"Malam, kaset ɗin babana ne ka yi magana a kai."

Ya dube ta da mamaki na gaskiya, kuma wannan mamakin ya fi kome ba ta ƙyama. "To, ai an haddace. A gabanki na tambaye su. An haddace, an wanke. Ba haka aka koya mana ba? Malam Wilson, ba kai ka ce allo ne ba?"

Malam Wilson, wanda ya zo wucewa, ya tsaya. Da ya fahimci abin da ya faru sai ya cire gilashinsa ya yi ta gogewa da gefen riga. Ta jira ya ce wani abu. Ya dubi inda Baturiyar take, ya dubi manyan hukuma, ya rage murya ya ce, "Malama, a yi haƙuri, kada a ɓata ranar." Ya zaro sabon kaset daga kwalin ya miƙa mata, ya ce ta sake ɗauko wani mai sana'ar. Ba ta karɓa ba, ya tsaya da hannu a miƙe har ya gaji.

Washegari Malam Aƙilu da kansa ya aiko mata da tsohon kaset ɗin aji. Tunda sababbi sun zo, kayan gwamnati sun zama abin kyauta. Har da saƙo cewa in ta ga dama ta adana, jawabi ne mai amfani.

Ta kasa gaya wa Inna. Kullum in ta biya gida sai ta ce an kusa. Haka har Inna Batulu ta fita takaba, ta yi wanka, ta sa sabon zane, 'yan'uwa suka zo suka watse. Da yamma, rana tana saman katanga, ta aika da kanta aka aro rikodar alhaji, ta sa aka shimfiɗa tabarma a zauren da aka rufe tun rasuwar, ta zauna a inda Malam Bahago yake zama. Nan Sailuba ta faɗa mata gaskiya, kanta a ƙasa.

Inna ta dubi rikodar. Can ta ce, "Sa mini."

"Inna, ba shi a ciki. Hedimasta ne."

"Na ji. Sa mini."

Ta sa. Muryar Malam Aƙilu ta cika zauren Malam Bahago da Turanci da tauna da kaki. Sailuba ta kai hannu za ta kashe, Inna ta riƙe mata wuyan hannu. Suka zauna suka ji shi ya riƙe makarantar kaza, ya gyara makarantar kaza, ya wuce inda tafi ya katse shi ranar baƙi, ya ci gaba, ya gode wa manya ɗaya bayan ɗaya. Sailuba ba ta taɓa tsanar muryar ɗan Adam kamar yadda ta tsani wannan ba. A ƙarshe ya ce wassalamu, aka ji ƙas, sai huci.

Sai kuma ƙarar zare yana ratsa yadi. Sai dariya, gajeriya, ta cikin hanci.

"To, ya isa haka, Auta. Mayar da shi baya, ki kira ta ta zo ta ji."

Kaset ya ƙare, maɓallin ya tashi da kansa.

Inna Batulu ta gyara mayafinta, ta matsa kusa da akwatin. "Ga ni, Malam," in ji ta. "Na zo."

Sailuba ta mayar mata da wurin, ta sake mayarwa, har aka kira magariba. Kowace mayarwa sai an sha wassalamun Malam Aƙilu kafin a kai ga dariyar, domin yatsa ba ya iya tsayar da abin daidai. Da za a mayar wa alhaji kayansa, ta ciro kaset ɗin, ta ɗauki babbar allurar babanta daga ƙunshinsa, ta ɓalle haƙoran nan biyu. Ta san abin da ta yi. Ta adana jawabin Malam Aƙilu ke nan har abada, kamar yadda ya nema, tunda ba yadda za a raba shi da 'yan kalmomin da ke bayansa.

Shirin rikoda bai yi tsawon rai ba. Batir ya ƙare ba a kawo wani ba, ƙungiyar ta koma wata jiha, Malam Aƙilu ya sami ƙarin girma saboda rahoton da aka rubuta a kan makarantarsa. Sailuba ta ci gaba da ajinta na uku da alli, tana tambaya kafin ta goge. Inna Batulu kuwa, har ta rasu, duk Juma'a da hantsi sai an aro mata rikoda, kuma don yawan ji har ta haddace ƙarshen jawabin hedimasta. In ya zo wajen godiya ga manya sai ta ɗaga hannu ta ce kowa ya yi shiru, Malam ya kusa magana.